Waken da Malam Uzairu Ya Kai Makaranta a Baro

A wani ƙauye tsakanin Ɗanbatta da Makoda, inda gonaki suke manne da juna har kunyar wani takan taɓa ta wani, akwai wani magidanci da ake kira Malam Uzairu. Mutumin kirki ne, ba ya wasa da salla, ba ya hana aron fartanya. Aibinsa ɗaya ne: ba a taɓa tayar da wata magana a gabansa ya ce bai san ta ba. In ana zancen rijiya, shi ya taɓa haƙa wadda ta fi kowacce zurfi. In babur ya ƙi tashi zai ce a matsa a ba shi wuri, kuma daga nan sai dai a tura babur ɗin har Ɗanbatta wurin bakanike.

Da damina ta doshi ƙarshe aka sa 'yar autarsa Raudatu a aji ɗaya. A gida yarinyar tana da surutu, har da kaji takan yi hira. Amma tun da ta shiga aji ba wanda ya ji muryarta. Da an kira sunanta sai ta cusa bakin hijabi a baki ta sunkuyar da kai.

Malamar ajin, Malama Zakiyya, tana da wata al'ada. Kowace Juma'a da safe, tunda ba a cika zuwa gona ba, takan tara iyaye a gindin darbejiyar makaranta. Yara su nuna abin da suka koya a makon, sannan ta faɗi abin da za a shiga mako mai zuwa da yadda za a taimaka wa yaro a gida. Wani makon ƙirga ne da tsakuwa, wani makon launuka. Maza sukan zo su jera a benci, tsofaffin mata su zo da tabarminsu.

Wata Juma'a Malama ta ɗaga wani gwangwanin madara ta ce, "Wannan makon shuka za mu koya. Kowane yaro ya samu irin wannan, a huda masa gindi, ya cika shi da ƙasa, ya binne ƙwayar wake, ya riƙa yayyafa ruwa kaɗan da safe. Ku kuma iyaye abu ɗaya nake roƙo. Kullum ku tambayi yaro, 'Me ka gani yau?' ku saurare shi. Kada ku yi masa aikin. Juma'a mai zuwa kowa zai tsaya a nan da gwangwaninsa ya gaya mana da bakinsa." Ta dubi Raudatu ta yi murmushi. "Har da ke."

Raudatu ta cusa hijabi a baki. Babanta kuwa tuni ya miƙe yana gyara hula.

"Malama, da izininki. Wake fa kika ce? Ni da aka yaye ni a gonar wake! Ranar Juma'a ki sa a share wuri, don waken 'yata sai an shimfiɗa masa tabarmarsa daban."

Daga ƙarshen benci Sama'ilu ya yi gyaran murya. Shi taubashin Uzairu ne, ɗan gwaggonsa, kuma gonakinsu iyaka ɗaya suke. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da sun tsokani juna ba.

"Wane waken? Irin na bara, wanda ka roro gona guda ka kawo shi gida a hula?"

"Rufe min baki, bawan gidanmu. Bara tsutsa ce."

"Tsutsar ai ta san iyaka, ba ta tsallako tawa ba."

Aka kwashe da dariya aka watse.

A gida Raudatu ta samo gwangwani, mahaifiyarta Kaltum ta huda mata shi da ƙusa. Yarinyar ta cika ƙasa, ta yi bismilla ta binne wakenta, ta ajiye a gindin katanga inda hantsi yake faɗowa. Har nan komai lafiya.

Washegari Malam Uzairu ya tsuguna a gaban gwangwanin ya kira ta.

"Zo nan, 'yar Baba. Me kika gani yau?"

Kafin ta buɗe baki ya amsa da kansa. "Ba komai! Ni ma ban ga komai ba. Wannan waken barci yake yi." Ya sa yatsa ya tono ƙwayar, ya juya ta, ya shinshina, ya mayar.

Kaltum tana tankaɗe daga ƙofar ɗaki ta ce, "Malam, ai Malama cewa ta yi tambaya kawai za ka yi."

"Tambayar nake yi. Na tambayi yarinya, yanzu kuma ina tambayar waken."

Haka ya dinga yi. In zai fita masallaci ya tona, in ya dawo ya tona. Ana cikin haka wata 'yar farar saiwa ta leƙo daga jikin ƙwayar. Murna ta kama shi, ya ɗauke ta a tafin hannu ya nufi zaure don ya nuna wa masu wucewa. Kafin ya dawo saiwar tana hannun dama, ƙwayar tana hannun hagu.

"Irin ne ba shi da ƙwari," in ji shi. "A sake."

Aka sake. A wannan karon Kaltum ta ce in ya ƙara taɓa ƙasar nan za ta gaya wa Inna Amsa, mahaifiyarsa, wadda ɗakinta yake nan cikin gidan. Ya haƙura da tono, sai dai zagaye. Allah cikin ikonsa, a tsakiyar mako wani ɗan koren tsiro ya ɗago ƙasa, wuyansa a lanƙwashe kamar mai ruku'u. Raudatu ta yi tsalle ta shiga ɗakin kakarta tana ihu, "Inna, ya fito! Ya fito da hula a kansa!"

Malam Uzairu ya zo ya duba. Ya gwada tsiron da ɗan yatsansa, ya ga ko gaɓa ɗaya bai kai ba. Ya tuna tabarmar da ya ce a shimfiɗa. Ya tuna dariyar Sama'ilu. Sai ya shiga ɗaki ya kwance bakin buhun takin zamani da ya rage, farin nan mai kama da sukari, ya cika hannunsa dam.

"Malam, gwangwani ne fa, ba gona ba," in ji Kaltum.

"Ke da me kika sani a taki? Gona tana da wata uku, wannan kuwa kwanakinsa a ƙirge suke. Dole ya ci abincin wata uku a zama ɗaya."

Ya tula wa tsiron taki har wuya, ya bi da ruwa, ya tafi wurin mai shayi ya shaida wa jama'a cewa gobe da safe sai an nemo sandar da za a tokare waken 'yarsa.

Da gari ya waye tsiron yana kwance a bakin gwangwani, ya yi baƙi ya yanƙwane kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Raudatu ta tsuguna ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi kuka ba tukuna.

"Takin nan jabu ne," in ji Malam Uzairu. "Wallahi mutane ba sa jin tsoron Allah."

Ga shi ranar Alhamis ce, gobe taro. Wani zai haƙura, amma ban da shi. Ya zauna a kan turmi ya yi tagumi, idonsa ya faɗa kan wata kaza da take kwanci a lungun rumbu. Nan take ya buga cinya.

"Ɗumi! Ɗumi ne sirrin! Me yake fito da ɗan tsako daga ƙwai? To abin da ya fasa ƙwai zai gagara fasa wake?"

Ya ɗebo wake cikin kofi, wai ko wasu sun ƙi wasu za su yarda, ya zuba a ƙaramar tukunya da ruwa, ya ajiye a gefen murhu inda garwashi bai gama mutuwa ba. Ya ja kunnen kaji kada su taɓa, bai ja na mutane ba, ya fice majalisa.

Inna Amsa ta fito ɗibar wuta ta ga tukunyar wake a gefen murhu, ba ta tafasa ba, ba a kuma sauke ta ba. Ta yi tsaki ta ce yaran yanzu ko wake ba su iya ɗorawa ba. Ta gyara mata zama, ta tura itace, ta jefa 'yar kanwa.

Bayan la'asar Malam Uzairu ya dawo da sauri, har da wani maƙwabci da ya janyo don ya shaida. Suka tarar da tsohuwa a inuwa, ta miƙe ƙafa, kwano a cinya, man gyaɗa yana ƙyalli a yatsunta.

"Inna! Ina irina?"

"Wane iri?"

"Waken da na sa a ɗumi!"

"Au, kai ka ɗora min? Allah ya yi maka albarka, ashe kana tunawa da uwarka. Sai dai nan gaba ka riƙa sa gishiri tun da wuri." Ta dubi baƙon. "Bismilla, ɗan nan, akwai yaji."

Maƙwabcin ya fita yana riƙe da ciki, ko sallama bai iya yi ba.

A nan ne Raudatu ta fashe da kuka. Ta rungume gwangwaninta da babu komai a ciki sai ƙasa, tana cewa gobe kowa zai zo da nasa, ita kaɗai za ta tsaya hannu wofi. Kukan ya shiga zuciyar Malam Uzairu, don duk cika bakinsa yana son yarinyar nan kamar ransa. Ya dafa kanta.

"Share hawayenki. Muddin ni na haife ki, gobe ba wanda zai kawo wake kamar naki."

Kaltum ta ce a hankali, "Ka bar ta ta je ta faɗi abin da ya faru. Shuka takan mutu, ba abin kunya ba ne."

"A gidan wa? Bayan duk garin nan ya ji zancen tabarma?"

Ana idar da sallar asuba ya tura baro ya nufi gona. Ya duba nasa waken, ya tarar duk ya tsumbure, ganye jefi-jefi. Yana cikin zagaye sai ya hango wani yaɗo a gefen gonar, kore shar, ya yi fure, har ya fara 'ya'ya. Ya yi hamdala. Ya sunkuya ya kama yaɗon yana binsa don ya kai ga gindinsa, ya tsallake kunya, ya tsallake wata, ya ratsa ta cikin jerin yakuwar da ake shukawa a iyaka, bai ɗago kai ba ballantana ya lura ya fita daga gonarsa. Da ya kai gindin ya sa fartanya ya haƙe shi da ƙasarsa, ya naɗe yaɗon kamar igiyar guga ya cika baro har yana zuba.

A ƙofar gida aka samu matsala: saiwar ta fi ƙarfin gwangwanin madara. Ya zaɓi guda ɗaya ya cusa, ya ɗaure da tsumma, gwangwanin ya zama shi ne yake reto a jikin waken.

Kaltum ta leƙo daga zaure ta ga abin. Ta daɗe tana salati.

"Malam, ka ji tsoron Allah. Yau Juma'a, kada ka sa wa yarinya ƙarya a baki."

"Ina ƙaryar? Wake ne ko ba wake ba? Shuka shi aka yi ko daga sama ya faɗo?" Ya juya ga Raudatu. "In an tambaye ki, ki ce naki ne. Sauran bayani ki bar min."

Suka kama hanya, shi a gaba da baro yana ƙiiƙii, ita a baya, Inna Amsa can baya da tabarmarta tana tambayar ko tallan harawa ya fara.

To, a irin wannan lokaci awakin gari duk a ɗaure suke saboda amfanin gona, sun yi wata da watanni suna kallon kore daga nesa. Wata ƙatuwar akuya da aka ɗaure a bakin hanya ta shaƙi ƙanshin ɗanyen ganyen wake yana wucewa ta gaban hancinta. Ta ja igiya, ta sake ja, turken ya tumɓuke. Ta biyo baro tana jan turke, 'ya'yanta suna tsalle a bayanta. Malam Uzairu ya kai mata ƙafa ta kauce, ya ƙara sauri ta ƙara. Da haka suka shiga makaranta.

A gindin darbejiya yara sun jera, kowa da ɗan gwangwaninsa, tsiro mai ganye biyu, wani ma bai gama cire hularsa ba. Sai ga baro. Duk wanda yake kan bencin nan manomi ne, ɗan manomi. Wani dattijo ya taso ya ɗaga yaɗon, ya ga fure, ya ga 'ya'ya.

"Ikon Allah! Waken mako ɗaya har da jikoki."

"Uzairu, ka bar mu da irin, mu shuka da safe mu ci alala da yamma!" in ji wani.

Malama Zakiyya ta danne dariyarta da gefen mayafi. "Malam Uzairu, wannan fa?"

Ya ajiye baro a bayansa, ya fuskanci jama'a, ya buɗe hannuwa.

"Malama, ilmi ne. Wake kamar ɗan Adam yake, in ya samu hannun da ya san shi ba ya ɓata lokaci. Da farko akwai yadda ake binciken ƙasa, sannan akwai awon taki, sannan akwai wani sirri na ɗumi wanda ba kowa ake..."

"Sannan akwai haƙa rami a gonar mutane!"

Sama'ilu ne ya shigo, fartanya a kafaɗa, raɓa ta jiƙa masa wando har gwiwa.

"Jama'a ku shaida. Na je gona na tarar da rami kamar za a binne tulu, gindin wakena mafi kyau babu shi. Na biyo ganye da ƙasa a hanya, na ce yau zan ga jakin da ya iya haƙa. Ashe jakin har da hula."

"Kai, bawa, iya bakinka! A gonata na same shi a kwance."

"Gindinsa fa?"

"Ni ban tambaye shi asalinsa ba. Ya tsallako ya kwanta a ƙasata, yana shan raɓata, ko haya ba ya biya."

"To ni ma gobe in ƙafarka ta tsallako gonata sai in haƙe ka tun daga gidanku."

"Ka gwada! Wa ya ce ma naka ne? Ku duba shi da kyau, wannan ya yi kama da waken malalaci?"

Ya juya da ƙarfi yana nuna baro. Jama'a suka bi hannunsa da kallo. Akuya tana tsaye da ƙafafun gaba a cikin baron, 'ya'yanta a gefe, kowa baki cike. Babu ganye, babu fure, babu jikoki. Sai karan tsirara da gwangwanin madara yana reto a tsumma. Akuyar ta dubi Malam Uzairu tana tauna, ta yi gyatsa.

Dariya ta ɓarke har wani ya faɗo daga benci. Inna Amsa ta rufe fuska da mayafi tana cewa ita dai ba ta san shi ba, a hanya suka haɗu.

Raudatu tana tsaye a gefe, hijabi a baki, idonta ya cika. Malama Zakiyya ta kwance gwangwanin daga tsumma, ta zo ta tsuguna a gabanta ta sa mata shi a hannu.

"Raudatu, ba ruwanki da baro. Wannan ne naki. Gaya mana, me kika gani a cikinsa?"

Malam Uzairu ya shiga ƙifta mata ido yana girgiza kai. Yarinyar ta dube shi, ta dubi gwangwanin. Ta zare hijabin daga bakinta.

"Na shuka," ta ce, da ƙyar ake ji.

"Madalla. Sai me?"

"Sai Baba ya tona. Sai ya mayar. Sai ya sake tonawa. Sai wata farar jela ta fito, ita ce take fara fitowa, ƙasa take yi. Sai Baba ya karya ta."

Mutane suka fara matsowa. Muryar ta ɗan ɗaga.

"Sai na sake shukawa. Sai ya fito a sunkuye da hula a kansa, kore. Sai Baba ya ba shi taki da yawa, sai ya mutu. Sai Baba ya sa wani a tukunya wai ya ji ɗumi." Ta nuna kakarta. "Sai Inna ta cinye da mai da yaji."

"Ni ban san iri ba ne!" in ji tsohuwa daga cikin mayafi.

"Sai Baba ya haƙo na Baba Sama'ilu ya ce in ce nawa ne. Ba nawa ba ne. Sai akuya ta cinye."

Zuwa yanzu har 'yan aji biyu sun leƙo ta taga, don muryar tana kaiwa can. Malama ta jira dariya ta lafa, sannan ta ce, "To Raudatu, gaya wa 'yan ajinku. Me wake yake so in zai girma?"

Yarinyar ta ɗaga yatsu tana lissafawa. "Yana son ƙasa. Yana son ruwa kaɗan. Yana son rana." Ta ɗan yi tunani. "Amma ba ya son Baba."

Malama ta ce a tafa mata, aka tafa har da dattawa. Raudatu ta tsaya ƙyam da gwangwaninta na ƙasa zalla, tana washe baki.

Malam Uzairu ya tsaya yana kallonta. Kunya tana cinsa, amma wani abu ya fi kunyar ƙarfi: 'yarsa ce wannan take magana a gaban gari. Ya share gumi da hula, ya matsa kusa da taubashinsa ya zungure shi da gwiwar hannu.

"Ka ji murya? Ka ji bayani dalla-dalla? Wallahi ni ta gado."

Sama'ilu ya sauke fartanya daga kafaɗa ya ɗora masa a tasa.

"Allah ya kiyaye ta. Wuce mu je ka cike min rami kafin a kira salla."